Yadda Sabar Ke Amsa Buƙata Mai Sharaɗin Kwanan Wata: Jagora Ga Mai Kula Da Shafi A Karkara

A ce wata ƙungiyar manoma a yankin Maigatari tana da ɗan shafinta na intanet, inda take ɗora takardar farashin riɗi da zoɓo da wake duk ranar Alhamis da yamma bayan kasuwa ta watse. Takardar ba ta sauyawa sai mako ya zagayo, amma manoma da dillalai suna buɗe ta safe da yamma, wani don ya manta abin da ya gani jiya, wani don yana tsammanin an yi gyara. Idan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin tana aika shi ga masu nema, tana turo dukan fayil ɗin duk lokacin da aka nema, data ce ke ƙonewa a kan abin da waya take da shi tun tuni, kuma a wurin da sabis kan sa mutum ya fita bayan gari kafin shafi ya buɗe.

Maganin wannan ba sabo ba ne. Yana cikin HTTP, ƙa'idar da sabar da masu neman shafi ke bi wajen musayar saƙo, tun takardar RFC 1945 ta watan Mayun 1996, wadda Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Henrik Frystyk Nielsen suka rubuta, kuma a yau cikakken bayaninsa yana cikin RFC 9110 ta watan Yunin 2022. A karon farko da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta nemi fayil, sabar tana ba ta shi da lambar amsa 200, tare da wani layi mai suna Last-Modified a kanun saƙo, wato 'yan layukan bayani da ke zuwa kafin fayil ɗin, wanda ke faɗin lokacin da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe. Burauza sai ta adana fayil da lokacin tare. Idan ta dawo, sai ta mayar wa sabar wannan lokaci a layin If-Modified-Since. Tamkar yaron da aka aika wurin magatakardan ƙungiya ne da tsohuwar takarda a hannu, aka ce ya karɓo sabuwa idan an sake farashi, idan kuma ba a sake ba ya dawo da baki kawai. Amsar "ba a sake ba" ita ce lamba 304, wadda ba ta ɗauke da komai sai 'yan layukan kanu.

Aikin yana da sauƙi a takarda, amma gaba ɗayansa ya rataya ne a kan gaskiyar kwanan watan da sabar ke faɗa, kuma a nan ne yawancin shafuka ke tuntuɓe.

Mataki na farko: duba abin da sabar ke faɗa

Kada ka fara gwaji da burauza, domin tana ɓoye abubuwa da yawa. Yi amfani da manhajar curl, wadda ake samu a Linux da macOS da Windows na zamani:

    curl -I https://example.org/farashi.pdf

Amsar za ta zo kamar haka:

    HTTP/1.1 200 OK
    Date: Sat, 16 Nov 2024 07:10:00 GMT
    Last-Modified: Thu, 14 Nov 2024 17:30:00 GMT
    ETag: "67363398-4b000"
    Content-Length: 307200

Lokacin da ke kanun HTTP kullum na GMT ne, agogon Najeriya kuwa yana gaba da shi da awa ɗaya, don haka 17:30 ɗin da ke sama ƙarfe shida da rabi na yamma ne a Jigawa. Wanda bai san haka ba yakan zaci agogon sabar ya yi latti ya je ya "gyara" shi, daga nan ne kuma matsala ta gaske ke farawa. Idan layin Last-Modified bai fito ba sam, mai yiwuwa ba sabar ce ke karanto fayil ɗin kai tsaye ba, wata manhaja ce ke haɗa shafin, sai ka duba mataki na shida.

Mataki na biyu: gwada sharaɗin da hannunka

Kwafi lokacin nan harafi da harafi, ka mayar wa sabar:

    curl -I -H "If-Modified-Since: Thu, 14 Nov 2024 17:30:00 GMT" https://example.org/farashi.pdf

Amsar da ta dace ita ce 304. Sake gwadawa da ranar da ta gabaci wannan, misali Laraba 13 ga wata, ya kamata ka ga 200. Gwaji na uku shi ne mai ban sha'awa: saka Juma'a 15 ga wata, wato lokacin da ya zo bayan gyaran ƙarshe amma bai wuce yau ba. Manhajar sabar Apache za ta ce 304, tunda ba a taɓa fayil ɗin bayan wannan rana ba. Ita kuwa nginx, wata manhajar sabar, idan ba a taɓa saitinta ba, za ta ce 200, domin umarninta na if_modified_since yana zuwa ne a kan exact, wato sai lokacin ya yi daidai da na fayil sak. Akwai zaɓin before, wanda ke sa ta yi irin lissafin Apache, da kuma off mai kashe aikin gaba ɗaya.

A ganina a bar shi a kan exact. Dalili kuwa shi ne, ranar da sakatare ya ɗora farashi da kuskure, aka ce a mayar da takardar makon jiya, idan tsohuwar ta koma da tsohon kwanan watanta, sabar mai lissafin before za ta ga fayil ya girmi lokacin da waya ta turo, ta ce 304, mutane su ci gaba da kallon takardar kuskure. Mai lissafin exact kuwa da ta ga lokutan sun bambanta sai ta turo fayil. Burauza dama abin da aka ba ta take mayarwa, don haka wannan tsanani ba ya cutar da ita.

Idan akwai kwamfuta a ofishin ƙungiya da ke sauke takardar da kanta kowace safiya don a buga a manna a allo, umarnin wget -N na manhajar sauke fayiloli wget yana yin wannan sharaɗin, haka ma curl idan aka haɗa mata -z da -R, inda na biyun ke sa fayil ɗin da aka sauke ya ɗauki kwanan watan sabar maimakon lokacin saukewa.

Mataki na uku: san jerin da sabar ke bi

Kafin sabar ta kalli kowane sharaɗi, sai ta fara tambayar kanta wace amsa za ta bayar da babu shi. Idan fayil ba ya nan, 404 ce. Idan mai nema ba shi da izini, ko an mayar da shafin wani adireshi, wannan amsar ce ke fita, a yi watsi da sharaɗin. Sai idan komai lafiya ne take bin sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya: If-Match, sannan If-Unmodified-Since idan na farkon bai zo ba, sannan If-None-Match, sannan If-Modified-Since, a ƙarshe If-Range.

Abin da ya fi shafar mu shi ne matsayin If-None-Match. Wannan layi yana ɗauke da ETag, wata alama da sabar ke maƙala wa kowane zubi na fayil, wadda ta shigo tare da HTTP/1.1 a 1997. Ƙa'ida ta ce idan buƙata ta zo da If-None-Match, dole a yi watsi da If-Modified-Since. Burauza kuwa takan turo duka biyun idan an ba ta duka biyun. Saboda haka 304 da ka gani a burauza ba shaida ba ce cewa kwanan wata yana aiki, kuma kwanan wata mai kyau ba zai cece ka ba idan ETag yana sauyawa ba dalili.

An fifita ETag ne domin kwanan watan HTTP bai san abin da bai kai sakan ɗaya ba. Fayil da aka sauya sau biyu a cikin sakan guda lokaci ɗaya zai nuna. Sai dai kada a ɗauka ETag ya rabu da agogo. Dubi wanda ke misalin sama: 67363398 lokacin gyaran fayil ne aka rubuta da lissafin tushe 16, 4b000 kuma girmansa ne, wato 307200. Haka nginx ke haɗa nata. Apache 2.4 ma da lokaci da girma take amfani, tsofaffin zubinta kuma har da lambar da fayil ke da ita a kan faifai, abin da ke sa kwamfutoci biyu masu riƙe da fayil ɗaya su bayar da alama daban-daban. Ashe ko ta wace hanya aka bi, a kan lokacin gyaran fayil ake sauka.

A kuma riƙe cewa If-Modified-Since na buƙatun GET (neman fayil) da HEAD (neman kanu kawai) ne kaɗai, kuma idan lokacin da aka turo bai karantu ba, sabar tana yin kamar ba ta gan shi ba.

Mataki na huɗu: kare lokacin gyaran fayil

Wannan ne matakin da ya fi cin datar mutane ba tare da kowa ya lura ba. Lokacin gyaran fayil ba ya nufin lokacin da abin da ke ciki ya sauya, yana nufin lokacin da aka rubuta shi a kan faifai ne. Mai kula da shafi da ya gyara layi ɗaya, sannan ya jawo folda ɗungurungum ya sake ɗorawa ta FTP, hanyar tura fayiloli zuwa sabar, galibi ya ba kowane hoto da kowace takarda sabon kwanan wata, kuma duk wayar da ta zo sai ta sake sauke komai daga farko, har da tambarin ƙungiya da bai sauya ba tun bara. Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren fayiloli, shi ma ba ya adana lokacin fayil, don haka wanda ke ɗauko sabon kwafi da git clone a kowace ɗorawa yana yin wannan ɓarnar. Umarnin cp na kwafar fayil shi ma sabon lokaci yake bayarwa sai an ƙara masa -p.

Hanya mafi aminci ita ce rsync, manhajar kwafar fayiloli tsakanin kwamfutoci. Idan lokutan da ke kwamfutarka na gaskiya ne, rsync -a zai kai su yadda suke, ya tsallake abin da bai sauya ba. Idan kuwa ba ka amince da su ba, misali fayilolin sun bi ta filashi da kwamfutoci daban-daban, yi amfani da rsync -rc, wanda ke kwatanta abin da ke cikin fayil, ya tura wanda ya bambanta kawai, ya bar sauran da tsohon lokacinsu a sabar.

Ɗaya gefen kuma shi ne wanda aka ambata a baya: duk lokacin da ka mayar da tsohon fayil a madadin sabo, bi shi da umarnin touch farashi.pdf domin ya ɗauki lokacin yanzu.

Mataki na biyar: agogon sabar

Wanda shafinsa ke kan sabar haya ba shi da damuwa sosai a nan. Amma makarantu da cibiyoyin koyon kwamfuta na karkara sukan ajiye tasu sabar a ɗaki, tana aiki da sola, ɗalibai suna shiga ta wayafai. Sau da yawa 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi, kuma zubinta har zuwa na 4 ba su da agogo mai batiri, idan wuta ta ɗauke lissafin lokaci ya tsaya. Tsohuwar kwamfutar tebur ma haka take yi idan ɗan batirinta mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. A ce batirin sola ya ƙare daren Talata, ba a kunna na'ura ba sai Alhamis, ta farka tana zaton Talata ce ko ma wata shekara ta baya. Duk abin da aka ɗora a wannan hali zai ɗauki lokacin ƙarya, kuma yana iya zama ya girmi wanda ke cikin wayoyi. Idan kuma agogo gaba ya zarce, ƙa'ida ta hana sabar faɗin Last-Modified da ya wuce lokacin da ke layin Date, don haka fayil mai kwanan watan gobe ba zai ba da amsa mai tsari ba sai goben ta zo.

Duba da umarnin timedatectl kafin kowace ɗorawa. Idan akwai intanet ko da jefi-jefi ne, kunna chrony ko systemd-timesyncd su riƙa daidaita agogo. Idan babu, ɗan allon agogo irin DS3231 da ake maƙala wa Raspberry Pi ya wadatar.

Mataki na shida: shafin da manhaja ke haɗawa

Idan farashin yana cikin rumbun bayanai ne, wani shiri da aka rubuta da harshen PHP ke ɗauko shi ya haɗa shafi, to sabar ba ta san ranar da ya sauya ba, kai ne za ka faɗa mata. Tsarin aikin shi ne: tun a farkon shirin, kafin a yi wata tambaya mai nauyi, ɗauko lokacin sauyi na ƙarshe. Shafin da aka haɗa daga sassa da yawa yana ɗaukar lokacin sashen da ya fi sabunta, kuma samfurin shafin da kansa yana cikin lissafi, in ba haka ba ranar da ka gyara fasalinsa ba wanda zai gani. Rubuta lokacin da gmdate, kada ka yi amfani da date, domin na biyun zai ba ka agogon gida ka maƙala masa GMT, ka yi ƙaryar awa guda. Daga nan karanta abin da burauza ta turo, wanda PHP ke ajiyewa da sunan HTTP_IF_MODIFIED_SINCE, ka mayar da shi lamba da strtotime. Idan bai karantu ba, ka tura shafi kamar kullum. Idan lokacinka bai wuce nata ba, ka tura 304 ka tsayar da shirin nan take, ba tare da ko harafi ɗaya na shafi ba. Amsar 304 tana tafiya da layukan Date da ETag da Cache-Control da Expires da Vary idan da ma za su kasance a amsar 200.

Akwai ramuka uku a wannan hanya. Wasu suna saka lokacin yanzu a matsayin Last-Modified, wanda ke nufin kullum shafi sabo ne, 304 ba za ta taɓa fita ba. Na biyu ya fi dabara: idan kana ɗaukar lokacin layin da ya fi sabunta a rumbu, ranar da aka goge wani layi, a ce an cire farashin gyaɗa, lokacin ba zai motsa ba, wayoyi su ci gaba da nuna abin da aka cire. Gara ka ware wuri ɗaya da ake rubuta lokaci a duk sauyi, ƙari ne ko gyara ko gogewa. Na uku, kiran session_start a PHP, bisa saitinsa na asali, yana tura Cache-Control, layin da ke faɗa wa burauza yadda za ta adana shafi, mai ɗauke da no-store, wato kada a adana, burauza kuwa ba ta tambaya a kan abin da aka hana ta adanawa. Shafin farashi da kowa ke gani ba ya buƙatar wannan kiran.

Mataki na bakwai: faɗa wa burauza lokacin da za ta yi tambaya

Duk abin da aka faɗa yana aiki ne idan burauza ta yi tambayar. Idan ka ba ta Last-Modified ba tare da Cache-Control ko Expires ba, an ba ta damar yin kirdado, kuma abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba. Ɗauki dillalin da ya sauke takarda ranar Alhamis da tsakar rana, sa'ad da ta yi kusan awa 161 a ajiye. Burauzarsa na iya ɗaukarta sabuwa har tsawon awa 16, wato har kusan asubahin Juma'a. An ɗora sabon farashi ƙarfe shida da rabi, ya buɗe bayan isha ya ga na makon jiya, ya yi ciniki a kansa, sabar kuwa ba ta ma san ya zo ba.

Ga fayil irin wannan, tura Cache-Control: no-cache. Ma'anarsa burauza ta adana, amma ta tambaya kafin ta nuna, kuma shi ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da 304. A nginx ana rubuta add_header Cache-Control "no-cache". A Apache kuma Header set Cache-Control "no-cache", muddin an kunna mod_headers. Sai dai ko 304 ma sai saƙo ya je ya dawo, kuma inda sabis ke rarrafe wannan jiran ba ƙarami ba ne. Don haka hotuna da tambari da duk abin da ba ya sauyawa, ba su max-age mai tsawo a Cache-Control, wato adadin sakan da burauza za ta nuna fayil ba tare da tambaya ba, misali 2592000, wato kwana 30, idan kuma ka sauya ɗaya ka sake masa suna.

Sharuɗɗa biyu da suka rage

If-Unmodified-Since na masu rubutu ne. Idan sakatare da ma'aji suka buɗe takarda ɗaya, ma'aji ya riga ya ajiye gyaransa, buƙatar sakatare mai wannan sharaɗi za ta dawo da 412 maimakon ta shafe aikin ɗan'uwansa. Ga wannan aiki If-Match da ETag ya fi inganci saboda matsalar sakan ɗayan nan.

If-Range kuwa ya fi kowa amfani ga mutumin karkara. A ce ana sauke rikodin wani darasi na malamin gona, sabis ya yanke a tsakiya. Burauza za ta nemi ragowar da layin Range, ta haɗa da If-Range mai ɗauke da ETag ko kwanan watan da ta samu da farko. Idan fayil bai sauya ba, sabar ta turo ragowar da lamba 206. Idan ya sauya, ta turo shi gaba ɗaya da 200, don kada a ɗinke rabin tsoho da rabin sabo. Nan ma lokacin sai ya yi daidai sak, wanda ke nufin sake ɗora fayil ɗin da bai sauya ba yana mayar da mai saukewa farko. Ka duba ko amsar sabar na ɗauke da Accept-Ranges: bytes. A kuma yi hattara da wget -c, domin shi ci gaba kawai yake yi daga inda ya tsaya, ba ya iya tabbatar da cewa fayil ɗin na jiya ne.

Dubawa ta ƙarshe

Bayan kwana biyu da gyara, buɗe rajistar sabar ka ƙirga:

    grep -c '" 304 ' /var/log/nginx/access.log

Sake yi da 200 a madadin 304 ka kwatanta. Idan takardar da ke sauyawa sau ɗaya a mako tana fita da 200 ga waya ɗaya sau da yawa a yini, koma mataki na uku ka duba ko ETag ɗinta yana tsayawa, sannan ka duba ko wani saiti na tura no-store. Idan da burauzar kwamfuta kake gwaji, tabbatar ba ka kunna zaɓin kashe ma'ajiya a kayan aikin masu haɗa shafi ba, kuma ba da Ctrl da F5 kake sabuntawa ba, domin duka biyun suna sa burauza ta nemi fayil ba tare da sharaɗi ba, ka ga 200 alhali sabar lafiyarta ƙalau.